Yadda Ake Tsara Ladabi da Horon Yara a Sansanin Yini na Namun Daji

Yaron da ya yi surutu a aji, asarar da za a yi ba ta wuce darasin minti arba'in ba. Yaron da ya zura hannu ta wayar kejin kura yana iya rasa yatsunsa kafin malami ya juyo. A ranar 28 ga Mayun 2016, a gidan zu na birnin Sinsinati da ke Amurka, wani yaro ɗan shekara 3 ya kutsa ta shinge ya faɗa wurin da ake ajiye wani ƙaton birin gorila mai suna Harambe. Ma'aikata suka harbe birin don su ceci yaron. Yaron ya rayu, dabbar ta mutu ba tare da ta yi laifin komai ba. Saboda haka ladabi a wurin namun daji ya bambanta da ladabin makaranta. Ana kafa shi ne don a tsare rai, na yaro da na dabba.

Wannan jagora na malamai ne da shugabannin ƙungiyoyin matasa da duk wanda ke shirya wa yara sansanin yini lokacin hutu, wato shirin da yara ke zuwa da safe su koma gida da yamma, na kwana uku ko mako guda, a wurare irin su Gidan Zu na Audu Bako da ke Kano, ko gandun namun daji na Jos, ko Sumu da Yankari a jihar Bauchi. Zai yi amfani kuma ga makarantar da ke kai ɗalibai ziyarar yini ɗaya. Ra'ayina a fili yake tun daga farko: yawancin aikin horo ana gama shi kafin yara su hau mota, kuma bulala ba ta da gurbi a wannan shiri.

Mataki na farko: ku riga yara zuwa wurin

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum biyu daga cikin masu shiryawa su je mako ɗaya ko biyu kafin a fara, su taka duk inda yara za su taka. Ina shinge ya yi ƙasa? Ina waya ta yage? Ina makewayi, ina inuwa, ina ruwa, ina za a yi sallar azahar? Wane asibiti ne mafi kusa, kuma minti nawa mota za ta yi kafin ta kai? A Yankari wannan tambaya ba ƙarama ba ce, domin daga babbar ƙofa zuwa sansanin Wikki kawai tafiyar kusan kilomita 40 ce.

Ku zauna da ma'aikatan wurin ku tambaye su abin da yara suka fi yi wanda ke ɗaga musu hankali. Su ne ke gani kullum, kuma dokokinsu na gaba da naku. Ku tambayi halin tsaron hanya a wannan makon, ku tsayar da lokacin tashi yadda za a iso gida da sauran rana.

Mataki na biyu: dokoki kaɗan, kowace da dalilinta

Takardar dokoki ashirin ta manya ce, yaro ba zai riƙe ta ba. Biyar sun isa, daidai da yatsun hannu, kuma a faɗe su da abin da ake so yaro ya yi, domin "kada ka gudu" ba ta gaya masa abin da zai yi a madadin gudun ba. Ga biyar ɗin da nake ba da shawara: ta ɗaya, ina tare da rukunina inda malami ke ganina; ta biyu, hannuna da ƙafata suna bayan shinge; ta uku, abincina nawa ne, dabba tana da nata; ta huɗu, ina magana a hankali, ba na jifa, ba na tsokana; ta biyar, duk abin da ya same ni zan faɗa nan take.

Kowace doka sai an ba ta dalilin da yaro zai iya gani da idonsa. Yaro ɗan shekara 9 da aka ce masa "haka doka ta ce" zai bi ta muddin ana kallonsa. Wanda aka nuna masa dalili yana iya bin ta ko malami ya ba da baya.

Ɗauki maganar abinci, wadda ita ce dokar da aka fi karyawa, kuma da kyakkyawar niyya ake karya ta. Yaro ya ga biri ya miƙo hannu, tausayi ya kama shi, ya ba shi biskit. Ku bayyana masa cewa birin da ya saba karɓa daga hannun mutum, wata rana zai daina jira a ba shi, ƙwacewa zai yi. Duk wanda ya taɓa zama a Wikki ya san gwaggon birin wurin: suna fizge leda daga hannu, suna shiga ɗaki ko mota idan aka bar ƙofa a buɗe, kuma sun fi raina yara da duk wanda suka ga alamar tsoro a tare da shi. Mutane ne suka koya musu wannan hali da ɗan abin da suke jefa musu. Babban namijinsu na da fiƙoƙi dogaye masu yin mummunan rauni. Don haka a koya wa yara abu uku game da shi: kada a riƙe abinci a fili, kada a zura masa ido domin a wurinsa wannan neman faɗa ne, kuma in ya kama ledarka ka sakar masa, ka ja da baya a hankali zuwa wurin malami. Ba a ja-in-ja da gwaggon biri a kan biskit. Ku gaya wa yara tun farko cewa wanda biri ya ƙwace wa abinci ba za a yi masa faɗa ba, za a ba shi wani, don kada tsoron asara ya sa ya riƙe.

Ledar kanta matsala ce. Yaranmu da yawa sun san akuya ko tunkiyar da ta rame ta mutu, aka yanka aka tarar da dunƙulen leda a tumbinta. Abin da ke kashe akuyar gida shi ke kashe barewa da gwanki. In kun tuna musu wannan, ledar fiya wata da ta alawa za su koma jaka ba tare da dogon wa'azi ba.

Dokar shinge kuwa tana buƙatar a fayyace ta, domin yara na ɗauka cewa dabbar da ke kwance ba ta da haɗari. Kada yana iya yini baki buɗe kamar gunki, amma yunƙurinsa ya fi ƙiftawar ido. Jimina na saran abu mai ƙyalli, ɗan kunne ko agogo, kuma harbinta da ƙafa na karya ƙashi. Dorina da ake gani da nauyin jiki ta fi mutum gudu a tudu. Mugun dawa da ke kiwo a tsakar sansanin Wikki ya saba da mutane, amma macen da ke tare da 'ya'yanta ba ta yarda a matso. A motar zagayen daji, dokar shinge na nufin zama a kujera, hannu da kai a ciki, ba a sauka sai ɗan jagora ya ce a sauka, kuma in an haɗu da giwaye kowa ya yi tsit. Yankari na riƙe da ɗaya daga cikin garken giwaye mafi girma da suka rage a Najeriya, kuma ganinsu rabo ne da ihun yaro ɗaya kan iya kora.

Sai a ƙara musu da cewa ba a ɗaukar komai daga daji: ƙwan tsuntsu, ɗan kunkuru, gashin jimina, ƙashi. Ba a zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse ko kututture, domin can ne mazaunin kunama da kububuwa.

Doka ta biyar ita ce uwar sauran, kuma zan dawo kanta idan na zo maganar horo.

Mataki na uku: iyaye su sani, su sa hannu

A aika wa iyaye takarda guda, da Hausa, mai ɗauke da dokokin biyar, da matakan horo, da laifukan da za su sa a mayar da yaro gida. A nemi su karanta wa yaron a gida, uba ko uwa su sa hannu, yaron da ya iya rubutu shi ma ya sa. Amfanin wannan yana bayyana ranar da aka kira wani uba aka ce ya zo ya ɗauki ɗansa. In ya riga ya sa hannu, maganar ba ta zama rigima.

A fom ɗin a tambayi lambar waya biyu, da sunan wanda aka yarda ya ɗauki yaro da yamma, da larurar lafiya: sikila, asma, farfaɗiya, abincin da jikinsa ba ya so. Wasu iyayen kan ɓoye irin wannan don tsoron kada a ƙi karɓar ɗansu, sai ku tabbatar musu cewa ana tambaya ne don a kula da shi. A tambayi kuma abin da ke kwantar wa yaro hankali idan ransa ya ɓaci. Uwa ta san amsar, kuma layi ɗaya daga gare ta na iya sauƙaƙa muku yini guda.

Kayan da ba a zuwa da su: danƙon harbi, wuƙa, ashana, kayan wasa masu ƙara. Takalmi ya zama kambas mai rufe ƙafa, ba silifas ba. In Yankari za a je, a guji tufafi baƙaƙe da shuɗi mai duhu, domin su ne ke jawo ƙudan tsando, kuma yaron da ƙuda ke cizo ba ya zama wuri ɗaya. Waya dai ra'ayina a bar ta a gida, malami ɗaya ya ɗauki hotuna a tura wa iyaye. Neman hoto kusa da dabba na cikin manyan dalilan da ke sa manyan yara haye shinge.

Mataki na huɗu: manya su fara horar da kansu

Ƙungiyar masu sansanonin yara ta Amurka ta tsayar da ma'auni na sansanin yini: babba ɗaya ga yara 6 'yan shekara 5 zuwa ƙasa, ɗaya ga yara 8 'yan shekara 6 zuwa 8, ɗaya ga yara 10 'yan shekara 9 zuwa 14. Wannan mafi ƙaranci ke nan. A wurin da dabbobi ke yawo a sake, ko akwai ruwa, ku rage yawan yaran da ke hannun kowane malami. Direba da mai dafa abinci ba sa cikin lissafi. Malami biyu da yara sittin ba sansani ba ne, kasada ce da 'ya'yan mutane, kuma in kuɗi bai isa a ɗauki isassun manya ba, gara a rage yawan yara.

Kowane malami ya san yaransa da suna, yana da takardarsu a aljihu. Ana ƙirga yara kafin a tashi daga wuri da bayan an isa, kowane lokaci, ko da tafiyar taku hamsin ce. A jerin tafiya babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ba yaron da zai wuce na gaba ko ya saura bayan na baya. Kowane yaro yana da abokin tafiya. Zuwa makewayi ana yin sa mutum uku, kuma ba a yarda babba ɗaya ya keɓe da yaro ɗaya inda ba a ganinsu, ko wane ne shi. 'Yan mata su kasance da malama.

Abin da ya fi rushe ladabi a irin waɗannan tafiye-tafiye halin manya ne. Malami ya hana yara ba biri abinci, sannan ya jefa masa ayaba don a yi dariya. Malama ta jingina da shinge tana ɗaukar kanta hoto. Wani ya duƙufa a WhatsApp yara na gabansa. Yaro ya fi koyon abin da ya gani a kan abin da ya ji. Dokokin biyar suna kan manya kamar yadda suke kan yara, kuma shugaban sansani ya yi wa malamin da ya karya magana a ranar, a gefe. Manya su kuma daidaita bakinsu tun kafin a fara: abin da Malam ya hana, Anti ba za ta halatta ba.

Mataki na biyar: rabin awar farko

Kada ku wuce da yara kai tsaye wurin zaki. A zauna a inuwa, a gabatar da ma'aikacin wurin da sunansa, a gaya wa yara cewa maganarsa a nan ta fi ta kowa. A bi dokokin a kan yatsu, a tambayi yara su faɗi dalilin kowace da bakinsu. Sannan a gwada a aikace. Busa usur ɗaya na nufin kowa ya tsaya cak ya yi shiru ya dubi malami. Busa uku na nufin kowa ya taho wurin malaminsa da tafiya, ba da gudu ba. A maimaita har sai ya zama jiki, a mayar da shi wasa in ana so, amma a yi shi kowace safiya.

A nuna musu wurin haɗuwa, a koya musu abin da yaron da ya ɓata zai yi: ya tsaya inda yake, ya kira da ƙarfi, kada ya bi wanda bai sani ba sai ma'aikaci mai kayan aiki. Kowane yaro ya rataya kati mai lambar wayar shugaban sansani.

Mataki na shida: a toshe ƙofofin fitina

Kafin ku ce yaro ya yi rashin ji, ku duba ko yunwa ce, ko ƙishirwa, ko rana, ko gajiya. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a yawancin arewa, kuma yaron da ya fara bushewa yakan fara da ƙunci da neman faɗa kafin ya ce kansa na ciwo. A sha ruwa a kan lokaci, ba sai an nema ba. Yawo ya zama da safe da kuma bayan la'asar, tsakar rana ta zama ta inuwa da abinci da sallah da zane. Dama dabbobin ma a lokacin kwance suke.

Jira shi ne ɗaya abokin fitina. Yara ashirin a layi na minti goma sha biyar ba abin yi, dole wani ya tsokani wani. Ku ba su aiki. Yaron da ya fi kowa ƙiriniya sau da yawa shi ya fi dacewa da riƙe takardar ƙirga tsuntsaye, ko ɗaukar jakar shara, ko tafiya kusa da ɗan jagora yana nuna sawun dabba. Ku riƙa yaba abin kirki da sunansa: "Na ga yadda ka ja ƙaninka baya daga shinge, Allah ya yi maka albarka." Wannan ta fi "yaro mai hankali", domin ta nuna wa sauran abin da ake so.

Mataki na bakwai: idan an karya doka

Laifuka ba ɗaya ba ne, kuma malamin da ke hukunta surutu da haye shinge da murya ɗaya yana koya wa yara cewa nauyinsu ɗaya.

Akwai na ƙuruciya: surutu, gudu, yar da leda, fita daga layi. Wannan tunatarwa yake so. Matso kusa da yaron, ka rage tsawo ka dube shi, ka kira sunansa, ka faɗi abin da kake so a gajarce: "Ɗana, a nan tafiya muke yi." In ya maimaita, gargaɗi mai bayyana abin da zai biyo baya: "In ka sake gudu, za ka yi tafiya kusa da ni har mu kai wurin jimina." In ya sake, a cika abin da aka faɗa, ba tsawa ba ciniki. Kada ka taɓa yin barazanar da ba za ka aikata ba, kuma kada bakin wani babba ya furta "zan jefa ka wa zaki" ko da wasa. Ƙaramin yaro yana gaskatawa, babba kuma yana gane cewa maganarka ba ta da nauyi.

Akwai na cutar da wani: duka, zagi, gori, ƙwace abinci, tsokanar dabba. A nan a raba su nan take, a fara duba wanda aka cuta, sannan mai laifi ya zauna gefe a inuwa kusa da babba na 'yan mintuna har ya huce. Bayan ya huce a tambaye shi me ya faru, wa abin ya shafa, me zai yi ya gyara. Gyaran ya dace da laifin: wanda ya watsar da shara ya tsince, wanda ya zubar wa wani abinci ya raba nasa da shi, wanda ya buga wa biri keji ya je ya ba mai kula da birin haƙuri ya ji daga bakinsa abin da hakan ke yi wa dabbar. A rubuta, a sanar da iyaye da yamma.

Akwai kuma na haɗari: haye shinge, zura hannu a keji da gangan, sulalewa daga rukuni, shiga ruwa ba izini, jifan dabba, zuwa da makami. Wannan ba a bin matakan tunatarwa da gargaɗi a kansa. A tsayar da yaron a take, ya koma hannun shugaban sansani, a kira iyaye a lokacin. Ko zai dawo gobe ya danganta da shekarunsa da ko ya fahimci abin da ya yi. Wanda ya maimaita, zamansa ya ƙare a wannan zangon. Wannan hukunci yana da ciwo, musamman in iyaye sun biya kuɗi, amma malamin da hankalinsa duka ke kan yaro ɗaya ya bar tara ba mai kallo.

Yanzu maganar bulala. Na san da yawa daga cikinmu da ita aka raine mu, kuma wani zai ce a wurin haɗari ne ma ya fi kamata a tsananta. Ina ganin akasin haka, kuma dalilina doka ta biyar ce. Yaron da ya san za a zane shi in aka gane ya matsa kusa da keji, idan biri ya yakushe shi zai saukar da hannun riga ya yi shiru. Ciwon haukan kare, wanda dabbobi masu shayarwa ke iya ɗauka, in alamunsa suka bayyana kusan ba a tsira, alhali wanke rauni da allura a kan lokaci na hana shi. Yaron da ya ɓata, in yana tsoron duka, zai ɓuya lokacin da ake kiran sunansa. Yarinyar da wani babba ya taɓa ta yadda bai dace ba, ba za ta faɗa wa malamin da ke riƙe da bulala ba. Tsaron sansani gaba ɗaya ya rataya ne a kan yara su riƙa faɗin gaskiya da wuri, kuma duka yana kashe wannan. Shi ya sa ya kamata a yi wa yara alkawari a fili: wanda ya zo da kansa ya faɗi abin da ya same shi, za a fara da kula da shi, kuma faɗin da ya yi zai sauƙaƙa masa, ko da shi ya jawo.

Haka nan ba gwale-gwale, ba tsallen kwaɗo, ba durƙuso a rana, ba hana ruwa ko abinci ko makewayi, ba kunyatarwa a gaban jama'a, ba hukunta rukuni duka saboda mutum ɗaya. Tsallen kwaɗo cikin zafin Afrilu na iya kai mai sikila gadon asibiti. Ga malaman Islamiyya da ke ganin sassauci ne, ya isa abin tunawa cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, kuma ya shaida cewa bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Malamin da ya ji ransa ya ɓaci ya miƙa yaron ga abokin aikinsa, ya ɗan ja gefe.

Mataki na takwas: wurare masu wuya

Jifan dabba yana bukatar kulawa ta musamman, domin yaranmu da yawa sun tashi suna harbin ƙadangare da tsuntsu ba wanda ya ce musu kul. Yaron da ya ɗauki dutse a gaban kejin kura ba lalle mugu ne ba, yana son ta motsa ne. A hana shi da gaske, sannan a koya masa haƙurin kallo: ya zauna minti biyar shiru ya faɗi abu uku da ya lura da su. Tarbiyyar gida tana taimakawa a nan. Yara Musulmi sun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, kuma yaran Kirista sun san cewa amanar halittu aka ba ɗan Adam. Amma yaron da aka ga yana jin daɗin azabtar da dabba, yana maimaitawa, wannan magana ce da za a zauna da iyayensa a kanta a nutse.

Idan dabba ta ciji yaro ko ta yakushe shi, horo ya jira. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a sanar da ma'aikata, a tafi asibiti a ranar don a duba batun allurar haukan kare da ta tetanus. In maciji ne, a kwantar da yaron, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko abin hannu, a ɗauke shi zuwa mota. Ba a ɗaurewa tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɓata lokaci wajen neman macijin. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da jinyar saran maciji, amma tun a ziyarar farko ya kamata ku san wuri mafi kusa da ke da maganin dafi.

Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ke sansanin mai ɗumin digiri 31 rani da damina, shi ne abin da yara suka fi ɗoki, kuma shi ne wurin da na fi jin tsoro. Garau yake har ana ganin yashin ƙasa, wannan ke sa a raina zurfinsa, alhali wani sashen ya shanye tsayin yaro. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu. In za a shiga, a shiga rukuni-rukuni, a iyakance wuri marar zurfi, babba wanda ya iya ruwa yana ciki, wani yana tsaye a baki ba abin da yake yi sai ƙirga kawuna. Turi ko danna kan wani cikin ruwa na fitar da yaro daga wanka a ranar. In babu wanda ya iya ruwa a cikin manya, a tsaya a kallo.

Akwai kuma yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, ko wanda hayaniya ke firgita shi, ko mai jinkirin fahimta. Dokokin tsaro ba sa sauyawa saboda shi, hanyar kai shi gare su ce ke sauyawa: a sa shi kusa da malami, a ba shi umarni ɗaya a lokaci guda, a gaya masa abin da ke tafe kafin a tashi. In yana bukatar babba nasa shi kaɗai, a nemi wani daga gidansu ya rako shi maimakon a ce kada ya zo. Wanda ya ji tsoron dabba kuma kada a tilasta shi matsawa, kada a bari a yi masa dariya.

Mataki na tara: magana da iyaye da rufe yini

In za a kira gida, a fara da kwantar da hankali: "Salamu alaikum Hajiya, yaronki lafiyarsa ƙalau, amma akwai abin da ya faru da nake so ki sani." A faɗi abin da aka gani da ido da matakin da aka ɗauka, ba tare da laƙaba wa yaro suna ba, kuma ba tare da ambaton sunan ɗan wani ba. Ku roƙi iyaye kada su dake shi a gida a kan abin da aka riga aka hukunta, domin in hakan ta faru, gobe ba zai sake gaya muku komai ba. Yaron da aka dakatar yana zaune a inuwa tare da manya biyu, da ruwansa da abincinsa, har wanda aka rubuta sunansa a fom ya iso. Ba a sa shi a mota shi kaɗai.

Kowane abin da ya faru a rubuta shi a littafi ɗaya: lokaci, wuri, wanda ya gani, abin da aka yi. Bayan yara sun watse, manya su zauna minti goma su duba littafin. In laifi iri ɗaya na faruwa a wuri ɗaya ko lokaci ɗaya, tsarin ne ke bukatar gyara: a sauya hanya, a matso da lokacin abinci, a raba yara biyun da ba sa jituwa, a ƙara babba a bayan layi. Yaron da aka hukunta jiya kuma ya dawo, malaminsa ya tare shi da sunansa a bakin mota, ya ba shi aikin da zai riƙe a ranar, sannan a sake bin dokokin biyar da gwajin usur tare da kowa kafin a shiga.